Kafin ka cike fom ɗin aikin tirela a Amurka, nemo abin da aka riga aka rubuta a kanka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Ohayo, shekarata shida a Amurka da katin zama na dindindin, kuma watan jiya Allah ya ba ni lasisin CDL, na tuƙin manyan motoci. Na fara cike fom ɗin wani kamfani sai na ga suna neman tarihin aiki na shekara goma. Ni kuwa na yi aikin sito a Niyok, wani wurin an sallame ni bayan wata biyu, na yi Uber, na je gida na yi wata biyar, sannan na ja ƙaramar motar kaya ta wani ɗan garinmu wata bakwai. Ina da tikitin gudu guda ɗaya. Abokai sun ce in share wurin da aka kore ni da tikitin, ɗan garin namu kuma ya ce zai shaide ni cewa na ja masa tirela shekara biyu. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri a lasisin, ya tsare hanya.

Bari in fara da inda ya fi yi maka zafi. Kada ka share komai, kada kuma ka karɓi shaidar nan ta shekara biyu. Duk abin da ka lissafa babu guda ɗaya da zai hana ka aiki. Abin da abokanka suka ba ka shawara a kai, shi ne zai iya hana ka.

Na daɗe a bayan sitiyari kafin gwiwa ta zaunar da ni a ofis, yanzu fayilolin direbobi nake haɗawa a wani ƙaramin kamfani. Abin da mai neman aiki bai sani ba shi ne, idan fom ɗinsa ya iso teburina ba karanta shi nake yi don in san ko wane ne shi ba. Ajiye shi nake yi a gefe, in jawo rahotanni huɗu ko biyar daga wurare daban-daban, in jera su kusa da shi, in ga inda suka saɓa. Labarinka yana rubuce tun kafin ka zo. Fom ɗin jarrabawa ce kawai ta ko za ka faɗi abin da na riga na gani.

Tambayoyin ba son ran kamfani ba ne. Hukumar FMCSA, mai kula da manyan motoci a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri ta tarayya, ita ta shimfiɗa su a sashe na 391.21 na dokokinta. Ana son adireshin duk inda ka zauna cikin shekara 3. Ana son duk hatsarin da ka yi cikin shekara 3, da duk laifin hanya da aka same ka da shi cikin shekara 3, ban da na fakin. Ana son sunan duk wanda ka yi wa aiki cikin shekara 3, kowane irin aiki, da adireshinsa da ranar farawa da ranar bari da dalilin barin. Wanda zai ja motar da ke buƙatar CDL sai ya ƙara wasu shekara 7 a baya, amma doka a wannan ƙarin aikin tuƙin babbar mota kaɗai ta nema. Nan ne shekara goman ta fito. Kamfanoni da yawa ba sa tsayawa rarrabewa, sai su ce kawo na shekara goma gaba ɗaya. Idan haka fom ɗinsu ya ce, haka za ka ba su. Akwai kuma tambaya ɗaya da ba ta da wa'adi: ko an taɓa hana ka lasisi, ko dakatar da shi, ko ƙwace shi. A ƙasan fom ɗin za ka sa hannu cewa kai ka cike shi, kuma duk abin da ke ciki gaskiya ne kuma cikakke. Kalmar nan ta cikakke ita ke cin mutane, domin sharewa ma ƙarya ce a wurinsu.

Shi ma kamfanin doka ba ta bar shi ba. Cikin kwana 30 da fara aikinka dole ya nemo rahoton tuƙinka daga kowace jiha da ka riƙe lasisinta a shekara 3 da suka wuce, ya kuma tuntuɓi duk kamfanin sufurin da ka yi wa tuƙi a wannan tsakanin. A aikace ba sa jiran kwana 30. Suna kiran mutum bitar sababbin direbobi, su biya masa mota da masauki, ana cikin darasi ana bincike. Na sha ganin wanda aka taɓa wa kafaɗa rana ta biyu, aka fita da shi, bai dawo ajin ba. Wasu wuraren kuɗin motar komawa ma daga aljihunsa.

To ba a fafe gora ranar tafiya. Ka dakata da fom ɗin nan sati biyu ko uku, ka nemo takardun da ni zan nema.

Na farko rahoton tuƙi, wanda ake kira MVR. Ka nemi na Ohayo a BMV, ofishin lasisi na jihar, idan kuma bai kai shekara 3 da ka bar lasisin Niyok ba ka nemi nasu. Ka duba na Niyok da kyau. Can suna dakatar da lasisi saboda inshorar mota ta yanke ko saboda ba a amsa tikiti ba, kuma wasiƙar tana zuwa tsohon adireshi ne. Mutanenmu da ke sauya ɗaki a unguwar Bronx ta Niyok duk shekara, da yawa an dakatar da lasisinsu an maido ba su ma sani ba. Sai mutum ya rubuta "a'a" da zuciya ɗaya, takarda ta ƙaryata shi.

Na biyu PSP, rahoton da FMCSA ke bayarwa a kan dala 10. Yana nuna hatsarin shekara 5 da binciken bakin hanya na shekara 3. Kada ka ce kai sabo ne ba ka da komai a ciki. Idan an taɓa tsayar da kai a sikeli ko a gefen titi da motar ɗan garinku aka rubuta takardar bincike, yana nan da sunanka da ranar da lambar USDOT, wato lambar rajistar kamfaninsa a ma'aikatar sufuri, ko da ba a ci ka tara ba.

Na uku rahoton DAC, wanda kamfanin HireRight ke riƙewa. Nan ne kamfanonin sufuri ke rubuta ranar da direba ya fara da ranar da ya bari, dalilin tafiyarsa, hatsarin da ya yi, da ko za su sake ɗaukarsa. Dokar FCRA, mai kare mutum a kan irin waɗannan rahotanni, ta ba ka damar karɓar kwafi kyauta sau ɗaya a wata 12. Naka wataƙila babu komai a ciki tukuna, amma ka nema, ka saba nema duk shekara.

Na huɗu Clearinghouse, rumbun da aka buɗe ranar 6 ga Janairun 2020 don ajiye sunan duk mai CDL da ya faɗi gwajin ƙwaya ko giya, ko ya ƙi yin gwajin. Ka buɗe asusunka yanzu, domin babu kamfanin da zai iya ɗora ka a mota sai ka shiga ciki da kanka ka danna amincewa ya duba ka. Na ga mutum ya ɓata kwana biyu a masauki saboda ya manta lambar sirri kuma ya sauya waya.

Yanzu maganar ɗan garinku. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa. A gida haka muka tashi: ubangida ya kama hannun yaronsa ya kai shi tasha ya ce nawa ne, magana ta ƙare. Nan kuwa takarda ake tambaya, kuma takardar farko da za ta tona asirin ita ce lasisinka. Ranar da aka ba ka CDL tana cikin rahoton jiha. Tun 7 ga Fabrairun 2022 ma makarantar da ta koya maka sai ta shigar da ranar da ka kammala a rajistar tarayya kafin a yi maka gwaji. Mai lasisin wata ɗaya da ya ce ya ja tirela shekara biyu, ɗayan biyu ne: ko ƙarya yake yi, ko ya yi shekara biyu yana tuƙi ba lasisi. Kowanne ka zaɓa ka fita. Shi ma mai shaidar ya jefa kansa, don sashe na 390.35 ya haramta ƙarya a waɗannan takardu ga direba da kamfani baki ɗaya, kuma lambarsa ta USDOT za ta nuna irin motocin da ya yi wa rajista.

A ce ma ta wuce, wani ƙaramin kamfani da ba ya bincike ya ɗauke ka a matsayin gwani. Ba za a haɗa ka da mai koyarwa ba. Za a miƙa maka makulli da lodi, ka gangaro dutse da dare cikin ƙanƙara da nauyin da ya kusa laba 80,000, ko ka shiga da baya cikin matsattsen sito mutane na jira. Satuttukan nan da ake zaunar da sabon direba kusa da tsohon hannu su ne abin da kake ƙoƙarin tsallakewa, alhali su ne rabonka. Ranar da wani abu ya faru kuwa, Allah ya kiyaye, abin farko da lauyan ɗaya ɓangaren zai nema shi ne fayil ɗinka, kuma shi ba gaggawa yake yi ba. Zai bi fom ɗin layi-layi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan sana'ar ma ya fi ƙurewa.

Wata bakwan nan na gaskiya kuwa suna da amfani, ka rubuta su yadda suke. A ƙarƙashin kowane aiki fom zai yi maka tambaya biyu: ko dokokin FMCSA sun hau kanka a wurin, da ko aikin na cikin waɗanda ake yi wa gwajin ƙwaya na ma'aikatar sufuri. Idan nauyin da aka rubuta wa motar ya kai laba 10,001, wato kusan tan huɗu da rabi, kuma kuna ɗaukar kaya tsakanin jihohi, amsar ta farko "e" ce. Idan bai kai laba 26,001 ba, wato ba ta buƙatar CDL, amsar ta biyu "a'a" ce. Nauyin yana rubuce a jikin ƙofar direba. Ka faɗa wa mutumin cewa za a aiko masa da takardar tambaya, doka ta ba shi kwana 30 ya amsa, amma ka roƙe shi ya amsa a ranar. Masu mota ɗaya ko biyu su ne suka fi jinkirta wa direba aiki, ba don mugunta ba, suna kan hanya ne ba sa duba saƙo. Ku zauna ku daidaita ranakun daga abin da ya turo maka ta banki ko takardar 1099, wato takardar haraji da ake ba mai aikin kansa, kada kai ka ce Maris shi ya ce Yuni.

Ranakun sauran ayyuka kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Ka shiga shafin hukumar haraji ta IRS ka sauke bayanan kuɗin shigarka, kyauta ne, yana komawa baya har shekara goma, yana nuna duk wanda ya ba ka W-2, wato takardar harajin ma'aikaci, ko 1099 a kowace shekara. Ba ya nuna wata, sai ka cike da takardun albashi da bayanan banki. Zai kuma nuna maka wani abu da ke rikita mutane: sau da yawa wanda ya yi aikin sito ba sito ne ya ɗauke shi ba, kamfanin samar da ma'aikata ne. Sunan da ke kan W-2 shi za ka rubuta, don idan na kira siton za su ce ba su san ka ba. Uber kuma ka rubuta shi a matsayin aikin kanka, ka sauke taƙaitaccen bayanin haraji na kowace shekara daga manhajar. Idan wani wurin ya rufe, ka rubuta shi duk da haka ka riƙe takardarka. Lokacin da kamfanin sufuri na Celadon ya durƙushe a Disambar 2019, da Yellow a 2023, dubban direbobi da W-2 da takardun albashi suka tabbatar da shekarunsu, don babu mai ɗaga waya.

Wata biyar ɗin da ka yi a gida ba aibi ba ne. Doka ba ta hana hutu ba, amma yawancin kamfanoni suna son bayanin duk giɓin da ya wuce kwana 30, saboda a wurinsu giɓi na iya zama gidan yari ko aikin da aka ɓoye. Ka rubuta ba ka aiki, ka yi tafiya ƙasarku ziyarar iyali, daga wata kaza zuwa wata kaza. Hatimin fasfo da tikitin jirgi sun isa shaida. Shekarun da suka gabaci zuwanka Amurka ma ka cike su: makaranta ce, kasuwa ce, noma ne, ka faɗa. Wanda ya ja daf daga Kano zuwa Legas ko daga Kwatano zuwa Yamai ya rubuta, sai dai kada ya sa rai za a lissafa masa a albashi, domin kamfanonin inshora abin da za su iya tabbatarwa a nan suke ƙirgawa. Ka kuma ajiye wannan jerin da kyau. Ranar da za ka nemi zama ɗan ƙasa, fom ɗin N-400 zai tambaye ka adireshi da ayyuka da tafiye-tafiyen shekara biyar, kuma gara abin da ka faɗa wa kamfani da abin da za ka faɗa wa gwamnati su zama ɗaya.

Wurin da aka sallame ka, idan yana cikin shekara 3 dole ne ka rubuta shi, idan fom ya ce goma to ko ya wuce shekara 3 sai ka rubuta. Yana cikin bayanan harajinka ko ka so ko ka ƙi. Ka rubuta dalilin a gajarce: an sallame ni saboda makara, ko saboda ban cika adadin aiki ba, ko menene gaskiyar. Idan aka tambaye ka a waya, jimla biyu: abin da ya faru, da abin da ya sauya. Kada ka zagi manaja, kada ka shiga labarin wariya ko da akwai ta. Korar wata biyu a sito, wallahi ba ta ɗaga mini gira. Wanda ke ɗaga gira shi ne direban da ya yi fushi ya ajiye motar kamfani da lodi a wata tasha ya tafi gida. Wannan idan ya shiga DAC yana bin mutum shekaru. Ka riƙe wannan don gaba: duk yadda mai raba lodi ya ɓata maka rai, kai musu motarsu inda suka ce, ka ɗauki hotonta ciki da waje, ka karɓi shaida a rubuce.

Tikitin gudu ya danganta da nawa ka wuce. Ka duba rahoton, kada ka ce "kamar goma ne". Wanda ya wuce ƙa'ida da mil 15 ko fiye yana cikin manyan laifuffuka a dokar CDL, tare da tuƙin ganganci da bin mota kurkusa da riƙe waya a hannu. Biyu irinsu cikin shekara 3 a babbar mota suna jawo dakatarwar kwana 60, uku kwana 120. Guda ɗaya a ƙaramar mota yawancin masu ɗaukar sababbi za su wuce shi, in dai ka faɗa. Mutanenmu suna cewa "ai na biya, ya wuce". Biyan tara amsa laifi ne, shi ke sa shi a rahoto. Daga yau kuma ka sani, mai CDL ba a yarda kotu ta ɓoye masa laifi ta hanyar tura shi ajin gyaran tuƙi kamar sauran jama'a, ko da a motar gidansa ya yi. Hatsari ma haka: hukuma tana ƙirga wanda aka rasa rai, ko aka kai wani asibiti, ko janwe ya ja mota, amma fom cewa ya yi duk hatsari. Gogar fakin da inshora ta biya, rubuta ta.

Akwai abin da ya fi damun mu fiye da 'yan ƙasa, wato suna. Mahamadou a fasfo, Mohammed a lasisi, Muhammad a wurin aiki. Aboubacar nan, Abubakar can. Ga kuma tarin mutanenmu da aka rubuta wa 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Masu binciken kotuna da suna da ranar haihuwa suke nema, don haka laifin wani na iya faɗowa cikin rahotonka. Ka rubuta sunanka harafi-harafi yadda yake a lasisi da katin Social Security, inda aka tambayi wasu sunaye ka jera duk rubutun da ka taɓa amfani da shi. Wanda kuma ya taɓa aiki da takardun wani ko asusun wani a farkon zuwansa, wannan ba maganar ofishina ba ce, ya ga lauyan shige da fice kafin ya sa hannu a kowane fom.

Gwajin fitsari yana neman wiwi, hodar iblis, amfetamin, PCP da dangin kodin. Halascin wiwi a jiha bai shafi mai CDL ba, dokar tarayya ake bi. Ka kula da maganin tari ko na ciwon jiki da aka kawo maka tsaraba daga gida, idan da kodin a ciki kuma ba ka da takardar likita, ka faɗi gwajin. Wasu manyan kamfanoni suna ƙarawa da gwajin gashi, wanda ke komawa baya kusan wata uku. Wanda ya faɗi gwajin fitsarin sunansa na zama a Clearinghouse shekara 5, ko har sai ya kammala matakan dawowa aiki idan sun wuce haka, kuma tun 18 ga Nuwamban 2024 jiha na sauke masa CDL ɗin har sai ya gyara. Fom ɗin likita ma sa hannu ake yi. Hawan jini ko suga da ake sha wa magani ba ya hana katin lafiya, sau da yawa dai na shekara ɗaya za a ba ka maimakon biyu.

Idan ka ga kuskure a wata takarda, kowace da ƙofarta. Na PSP ana ƙalubalantarsa ta DataQs, shafin FMCSA na neman gyara. Na DAC ka rubuta wa HireRight, doka ta ba su kwana 30 su bincika. Abin da tsohon kamfani ya faɗa a kanka kana da haƙƙin gani idan ka nema a rubuce cikin kwana 30 da ɗaukarka ko ƙin ɗaukarka, a ba ka cikin kwanakin aiki 5. Tsohon kamfanin yana da kwana 15 ya gyara ko ya ce ya ƙi, idan ya ƙi sai ka rubuta naka bayanin a liƙa shi a fayil ɗin, duk wanda ya tambaya a tura masa duka biyun.

Idan takardun sun haɗu, ka zauna ka rubuta jeri ɗaya daga yau zuwa baya, wata bayan wata, ba rami: suna, adireshi, lambar waya mai aiki, farawa, bari, dalili. Daga shi za ka riƙa kwafa a kowane fom. Kamfanoni da yawa manhaja ɗaya suke amfani da ita, ta Tenstreet, kuma tana riƙe abin da ka taɓa cikewa, don haka kada ka cike daga ƙwaƙwalwa yau ka sake cikewa daga ƙwaƙwalwa gobe. Ka nemi kamfanoni uku ko huɗu masu horar da sababbi, kada ka watsa fom wuri ashirin. Tun a wayar farko ka ce wa mai ɗaukar direbobin: ina da tikiti ɗaya na mil kaza a wata kaza, an taɓa sallamata a sito, na yi wata biyar a ƙasarmu, CDL ɗina na wata ɗaya ne. Ka ce ya duba da sashen kula da tsaro, ya turo maka amsarsu a rubuce kafin ka ajiye aikin da kake yi ka hau mota.